Dogon Dawa: Darasin Kimiyya a Cikin Ƙwarya

Dogon Dawa gari ne a gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta haɗa Birnin Gwari da Funtuwa ta Jihar Katsina. Ba dawar tuwo ake nufi ba, da ita ce da sai a ce doguwar dawa. Dawa a nan daji ne, kuma duk wanda ya bi hanyar zai yarda sunan ya dace. Hagu da dama itatuwa ne, doka da maje da ƙirya, ga kaɗanya da ɗorawa tsaye a tsakiyar gonaki don manomi ba ya sare su. Ƙasar tana karɓar masara da dawa da waken suya, fadamunta kuma shinkafa. Garuruwa irin su Kuyello da Tabanni da Kutemeshi duk a wannan shiyya suke. Can yamma, bayan an wuce Birnin Gwari, akwai Gandun Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100.

Yawancinku kun san sunan garin ne ta labarai marasa daɗi. A watan Oktoba na 2012 'yan bindiga suka afka wa garin da asuba, suka kashe aƙalla mutum 20, da yawansu masallata. Shekarun da suka biyo baya yankin ya sha wuya: an bar gonaki, an ƙaurace wa ƙauyuka, karatun yara da dama ya tsaya. A watan Nuwamba na 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan wani sulhu, aka sake buɗe karar dabbobi da ta daɗe a rufe. Duk da haka mutanen yankin ba su daina taka-tsantsan ba. Da rana tsaka ake tafiya, kuma sai an tambayi direbobi labarin hanya kafin a shiga mota.

Mu ma haka muka yi. Mu biyar ne, ɗaliban jami'a, biyu daga cikinmu 'yan asalin yankin. Muka biyo ta Funtuwa a hutun ƙarshen shekara, hunturu ya fara busawa, an gama girbi, buhunan masara jibge a bakin titi suna jiran mota. Abin da ya kai mu shi ne ƙannenmu na sakandare da suka ce suna haddace darasin kimiyya amma ba su taɓa ganin an gwada ba. Muka yi kwana uku tare da su a ƙofar wani gida, ƙarƙashin mangwaro. Kayan aikinmu ƙwarya da bokiti da kofuna, sirinji sabo daga kemis, gishiri, ƙwai, lemo, kankana, sai ƙaramin sikeli mai batir da muka aro.

Rana ta farko: gani ya kori ji

Mun fara da tambaya: me ya sa wani abu ke nutsewa a ruwa, wani kuma ya tsaya a sama? Kusan baki ɗaya suka amsa cewa mai nauyi ke nutsewa, marar nauyi ya taso. Muka ce kowa ya rubuta wannan amsa a littafinsa, ya sa mata suna zato. Zato ba laifi ba ne, daga shi ake farawa. Abin da ba a so shi ne a zauna a kansa ba a gwada ba.

Aka ɗebo ruwa a bokiti. Muka ba wani yaro ƙaramar ƙusa, muka ba wata yarinya kankana da take riƙewa da hannu biyu. Ƙusa ta faɗa ƙasa nan take. Kankana ta yi lilo ta tsaya a sama. Wuri ya yi tsit, sannan aka bushe da dariya.

"Yaya, ai kankanar ta fi ƙusar nauyi sau ɗari," in ji yarinyar.

"To me za ki yi da abin da kika rubuta?"

Ta dubi littafinta, ta ja masa layi.

Daga nan aka jefa lemo da ɓawonsa, ya tsaya a sama. Aka ciro shi aka ɓare, ba irin ferewar mai lemo da ke barin farin ciki ba, aka cire farin duka. Lemon ya rage nauyi, amma da aka mai da shi sai ya nutse. Dalili shi ne ɓawon cike yake da ƙananan gurabun iska, yana ƙara wa lemon girma sosai ba tare da ya ƙara masa nauyi mai yawa ba.

A nan ne muka jera musu matakan da masu kimiyya ke bi, kuma sun riga sun taka su da ƙafarsu. Na farko ka lura da abu. Na biyu ka yi tambaya. Na uku ka yi zato wanda za a iya gwadawa. Na huɗu ka gwada. Na biyar ka rubuta abin da ya faru, ba abin da ka so ya faru ba. Na shida ka yanke hukunci, in zatonka ya faɗi ka sake wani. Na bakwai ka bari wani ya maimaita gwajin ya ga ko zai sami abin da ka samu.

Mudu da sikeli

Da nauyi kaɗai ya kasa bayani, sai muka koma ga abin da kowane ɗan kasuwa ya sani. Mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, amma wanda ya ɗauka ya san ba nauyinsu ɗaya ba. Kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe nauyinsu ɗaya, amma audugar sai a buhu, ƙarfen kuwa tafin hannu ya ishe shi. Ke nan abu biyu ake dubawa tare: nauyin abu, da girman gurbin da ya cika. Idan ka raba nauyi da girma, abin da ka samu shi ne littafinku ke kira dansiti. Mu muka ce masa nauyin mudu ɗaya, sai dai mudun masu kimiyya ƙarami ne ƙwarai, mililita ɗaya, wato alama guda a jikin sirinji.

Ruwa shi ne ma'auni. Mililita ɗaya na ruwa giram 1 ne, lita ɗaya kilo 1. Ga na wasu abubuwa da kuka sani, giram nawa ne a mililita ɗaya: fetur kimanin 0.75, kananzir 0.8, man gyaɗa 0.9, ƙanƙara 0.92, zuma 1.4, yashi da farin dutse 2.6, ƙarfe 7.9, dalma 11.3, zaiba 13.5, zinare 19.3. Duk abin da lambarsa ba ta kai ta ruwa ba zai taso, wanda ta wuce zai nutse.

Don su ji girman lambar ƙarshe, muka nuna musu jarka mai lita 25. Cike da ruwa kilo 25 ce, saurayi zai ɗauka. Da za a cika ta da zinare, sai ta haura kilo 480, kusan buhu biyar na masara mai kilo 100. Wani yaro ya ce in haka ne duk fim ɗin da ya ga mutum yana gudu da jaka cike da zinare ƙarya ce. Ba mu musa masa ba.

Wannan jeri yana da amfani ko a madafa. Muka zuba zuma da ruwa da man gyaɗa a kwalba ɗaya, suka jeru hawa uku, zuma a ƙasa, mai a sama. Shi ya sa ba a watsa wa wutar mai ko ta fetur ruwa. Ruwan zai shige ƙasa, man ya hau kansa yana ci, wutar ta bazu. Murfi ko yashi ake sa wa.

Rana ta biyu: ƙwai da gishiri

Iyayenmu mata sun daɗe suna gwada ƙwan zabi a cikin ƙwarya kafin su biya kuɗi. Wanda ya kwanta a ƙasa lafiyayye ne, wanda ya taso ya tsufa. Bayaninsa shi ne ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kullum ruwan ciki yana fita kaɗan-kaɗan, iska na maye gurbinsa. Girman ƙwan bai canza ba, nauyinsa ne ya ragu, har ya zo ya kasa na ruwa.

Sai muka juya tambayar: za a iya sa sabon ƙwai ya taso ba tare da an taɓa shi ba? Wata yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare ta ce in ba za a rage wa ƙwai nauyi ba, sai a ƙara wa ruwa. Aka raba su rukuni uku, kowane da kofi da ƙwai da gishiri, a riƙa zuba cokali ɗaya ana juyawa har ƙwai ya taso. Ya taso a wurin kowa, amma lissafi ya sha bamban: waɗannan sun ce cokali uku, waɗancan biyar, na ƙarshe shida. Gardama ta kaure, kowa na cewa nasa ne daidai.

Muka ce su duba kayan juna. Sai ga shi kofin wasu ya fi girma, wasu suna tula cokali har ya yi tozo, wasu suna shafe shi, wasu kuma ba su jira gishirin ya narke ba. Su da kansu suka tsara doka: ruwa a auna shi daidai, cokali ɗaya a shafe bakinsa, a juya har gishiri ya ɓace, kuma ƙwai ɗaya ne zai zaga kofunan duka. Da aka sake, amsoshin suka zo kusa da juna. Wannan shi ne gwaji na adalci: abu ɗaya tak ake canzawa, sauran a bar su yadda suke. In ka canza biyu a lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Da yamma wata dattijuwa a gidan ta fito da shinkafar da za ta dafa. Muka roƙe ta ta rege a gabanmu.

"'Yan nan, yau kuma rege ne ya zama abin kallo?"

"Inna, darasin da muke yi ke nan tun jiya."

Ta riƙa kaɗa ƙwarya a cikin ruwa a hankali, shinkafa na zamewa ta baki zuwa wata ƙwaryar, har aka bar tsakuwa da yashi a gindi. Shinkafa da tsakuwa duk suna nutsewa, amma tsakuwa ta fi cushewa, don haka ita ke rigan sauka, kuma ruwa ba ya iya ɗaga ta da sauƙi. Haka ma idan aka zuba wake a ruwa, wanda ƙwari suka huda ya zama fanko yakan taso. Inna ba ta taɓa jin kalmar dansiti ba, amma hannunta ya san ta fiye da namu.

Rana ta uku: dutse mai ƙyalli

Ƙasar Birnin Gwari tana da zinare, kuma babu yaron yankin da bai san wani da ya tafi haƙa ba. Wasu daga cikin waɗanda ke zaune a gabanmu sun ce abokansu sun ajiye littafi sun tafi rami. Shi ya sa muka ajiye wannan darasi sai ƙarshe.

Wani dattijo da ya yi wankin zinare a ƙuruciyarsa ya nuna mana yadda ake yi, da kasko da yashi da 'yan guntayen tagulla da muka zuba a ciki. Kaɗawar tasa ba ta da maraba da ta Inna. Yashi ya bi ruwa, tagulla ta zauna. Zinare ya ninka yashi nauyi fiye da sau bakwai, shi ya sa ko ƙwayarsa ba ta kai ta gero ba takan tsaya a gindin kasko. Ya ce tare da shi akan sami baƙin yashi mai nauyi, wanda ake janyewa da maganaɗisu.

Sai wani yaro ya zaro wani ɗan dutse daga aljihu, ruwan ɗorawa, yana walƙiya. Ya ce wani ne ya ba shi, kuma an ce zinare ne. Dattijon ya kalla ya yi murmushi.

"Baba, me ka gani?"

"Ku da kuka zo da sikeli, ku fara faɗa."

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. Idon Baba ya sani saboda shekaru. Namu kuwa sai da awo. Ga yadda aka yi, kuma kowannenku zai iya. Aka ɗora dutsen a sikeli, giram 25. Aka ɗora kofin ruwa a sikelin, aka danna ya koma sifiri. Aka ɗaure dutsen da zare, aka saukar da shi cikin ruwan yana rataye, ya nutse duka amma bai taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Sikeli ya nuna giram 5. Wannan lamba ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture, kuma tun da giram 1 na ruwa mililita 1 ne, girman dutsen mililita 5 ke nan. A raba 25 da 5, an sami 5. Da zinare ne mai giram 25, da sikelin bai wuce 1.3 ba. Ko zinaren da ake samu a ƙasa, wanda yakan zo gauraye da azurfa, lambarsa takan kama daga 15 zuwa 19.

Biyar ita ce lambar wani ma'adini da ake kira fayirait, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ya sha yaudarar mutane a duniya. Amma gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, don dutsen da ke da ɗan zinare a cikinsa ma zai iya ba da ƙaramar lamba. Sai aka ƙara biyu. Aka goga shi a gindin farantin tangaran inda babu santsi, ya bar baƙin layi, alhali zinare layi ruwan ɗorawa yake bari. Aka buga gefensa da guduma, ya farfashe, alhali zinare lanƙwasa yake yi ya baje. Shaidu uku suka haɗu a kan magana ɗaya. Yaron ya ɗan yi shiru, sannan ya ce gara da ya sani a nan da ya sani a gaban mai saye.

Wannan dabara ta tsufa. Ana ba da labarin cewa Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a Sirakus ta tsibirin Sisili kuma ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gano algus a kambin sarki ta hanyar ruwan da kambin ya ture. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973 a Khawarizm, cikin Uzbekistan ta yau, ya ƙera tulu mai ɗan bututu a wuya, yana jefa ƙarfe a ciki yana auna ruwan da ya zubo. Lambar da ya samu ta zinare ta kusa 19. Shekara dubu ke nan, ba lantarki, ba kwamfuta.

Abin da kasko ba ya nunawa

Akwai abin da ido da kasko ba za su gaya maka ba. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ƙananan yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Likitocin ƙungiyar MSF suka lura cewa a garuruwan da abin ya tsananta ana daka dutsen zinare ana niƙa shi a cikin gidaje. Suka yi sabon zato, aka ɗebi jinin yara aka kai ɗakin gwaje-gwaje, sai ga gubar dalma mai yawan gaske. Dutsen ne ke ɗauke da dalma, ƙurarsa ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara kimanin 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu.

Ku duba matakan: lura, tambaya, zato na farko da ya faɗi, zato na biyu, gwaji, hukunci. Su ne waɗanda muka bi da ƙusa da kankana. A Zamfara bin su ne ya sa aka gane ciwon, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka yi wa dubban yara magani. Don haka muka roƙi ƙannenmu su kai saƙo gida: kada a kawo dutsen haƙa cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci, wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro. Zaiba ma da wasu ke kama zinare da ita, hayaƙinta idan an ƙona guba ne ga ƙwaƙwalwa.

Ba mu ce wa kowa talauci ƙarya ne ba, mun ga halin da ake ciki. Abin da muka ce shi ne ƙasar da ke da zinare tana buƙatar 'ya'yanta su zama masu ilimin duwatsu, da injiniyoyi, da likitoci, da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya iya awo ba a cutarsa a farashi, kuma ba ya kai guba gida bai sani ba.

Aiki gare ku

Ga tambayoyi uku da muka bar wa yaran Dogon Dawa, mun ba ku ku ma. Ku samo guntun icen rimi da na ƙirya masu girma ɗaya, ku rubuta zatonku, sannan ku sa su a ruwa ku ga ina kowanne zai tsaya. Ku ɗauki murfin kwano na ƙarfe ku ajiye shi a kan ruwa a hankali, sannan ku sake sa shi ta gefe. Me ya sa ya tsaya da farko ya nutse daga baya, kuma me wannan ke faɗa mana game da kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima? Na uku, ku gwada ko sukari zai ɗaga ƙwai kamar gishiri, kuma cokali nawa zai ci.

Ku yi da abokanku, ku rubuta abin da kuka gani, ku kai wa malamin kimiyya idan an koma makaranta. In amsarku ta saɓa da ta wani rukuni, kada ku yi faɗa, ku duba kofunan juna tukuna. Allah Ya zaunar da Dogon Dawa da ƙasar Birnin Gwari lafiya, Ya mai da kowane yaro ajinsa.